Chrony: shekara guda da na miƙa mata agogon sabobina

Sakan 98 ne suka hana mu shiga sabarmu wata safiya, kuma su ne sanadin wannan rubutu a kan chrony, wata 'yar manhajar daidaita agogon kwamfuta da ba ta da hoto, ba ta da maɓallin latsawa, ba ta ma gaishe ka idan ka kunna ta.

Ina kula da sabobi goma sha ɗaya, wato kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima ta hanyar sadarwa, dukansu Linux. Huɗu na ƙarfe ne da ake iya taɓawa, sauran bakwai kuwa ƙirƙirarru ne da ke zaune a cikin wata babbar na'ura. Ran nan abokin aikina, yaro ne da bai daɗe da fara aiki da mu ba, ya kira ni ya ce, "Oga, lambar nan mai guda shida ta ƙi shiga, na gwada sau biyar." Lambar da yake nufi ita ce wadda waya ke fitarwa bayan ka rubuta kalmar sirri, wadda ke canzawa duk sakan 30. Na ce masa ya duba agogon wayarsa, don na tabbata a raina matsalar daga can take. Na gwada da tawa wayar don in nuna masa yadda ake yi. Ni ma ta kore ni.

Lambobin nan ba aiko su ake yi ba. Waya da sabar ba sa magana da juna a kansu ko kaɗan. Kowace na riƙe da sirri iri ɗaya, sai ta haɗa shi da lokacin da agogonta ya nuna ta lissafo lamba. Idan agogon biyu suna tare, lambobin za su zo ɗaya. Yawancin sabobi na yin afuwar taki ɗaya gaba ko baya, wato kusan rabin minti, amma tamu ta yi gaba da fiye da minti ɗaya da rabi. Tana jiran lambar da wayoyinmu ba su kai gare ta ba tukuna.

Da na samu na shiga ta wata hanyar, sai na tarar laifin nawa ne. Makonni bakwai kafin ranar na zauna na tsaurara katangar tsaro, wato manhajar da ke tace abin da ke shiga da fita daga sabar, na rufe duk wata ƙofar fita da ban ga amfaninta ba, har da ƙofa ta 123 ta UDP, wadda ita ce hanyar da tambayar lokaci ke bi. Tsohuwar manhajarmu ta daidaita agogo, ntpd, tana nan a kunne, tsarin yana nuna ta da koren rubutu cewa tana aiki, alhali tun ranar ba ta ji daga kowa ba. Na ƙara da wani gangancin: wurin da take ajiye abin da ta koya game da agogon ba ta da izinin rubutu a cikinsa, don haka da aka sake kunna na'urar ta tashi ba ta san komai ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Mutane kan yi mamakin cewa kwamfuta mai tsada ba ta iya riƙe lokaci. Agogonta ɗan dutsen kwaz ne da ke kaɗawa idan wuta ta ratsa shi, na'urar kuma tana ƙirga kaɗawar. Ba dutse biyu da ke kaɗawa daidai da juna, kuma zafi da sanyi na canza saurinsa. Ana auna kuskuren da kashi cikin miliyan. Kashi ɗaya cikin miliyan shi ne sakan 0.0864 a yini, abin da ba wanda zai lura da shi. Tamu sabar tana gudu da kusan kashi 23, wato sakan biyu a kowace rana. Kwana 49 sau biyu, ga 98 ɗinmu nan cif.

Gyaran kuma shi ne inda na fara sanin chrony da gaske, domin tambayar da ke gabana ba ta da sauƙi kamar yadda take a ido. Agogon ya yi gaba, dole ya dawo baya. A kan wannan sabar akwai rumbun bayanai da ke buga lokaci a kan kowace shigarwa, akwai ayyukan da aka tsara su tashi a wasu mintuna. Idan na finciko agogon baya lokaci guda, minti ɗaya da rabi zai faru sau biyu. Shigarwar da ta zo daga baya za ta ɗauki lokacin da ya riga na wadda ta gabace ta, aikin da ya riga ya gudana yana iya sake gudana. Hanya ta biyu ita ce a rage wa agogon gudu, ya riƙa tafiya a hankali har ainihin lokaci ya cim masa, ba tare da ya taɓa komawa baya ba.

ntpd na iya yin duka biyun. A ɗabi'arta, idan kuskure ya wuce milisakan 128 tsalle take yi, idan ya wuce sakan 1,000 kuma sai ta ɗaga hannu ta fita, ta bar ka ka gyara da kanka. Idan ka hana ta tsalle, iyakar abin da za ta iya ja shi ne kashi 500 cikin miliyan, ma'ana gyaran sakan ɗaya na cin sakan 2,000. Na buga lissafi: sakan 98 zai ɗauki sa'o'i 54 da ɗoriya. Sannu ba ta hana zuwa, an ce, sai dai a daɗe ba a je ba, ni kuma ina da mutanen da ke son shiga aiki yau, ba jibi ba. Chrony kuwa tana iya jan agogo da kashi ɗaya cikin goma sha biyu na gudunsa. Sakan 98 sau 12, kusan minti 20 ke nan.

Na cire ntpd na saka chrony, amma kafin in kunna ta na buɗe fayil ɗin saitinta na karanta, kuma Allah ya taimake ni da na yi hakan. Akwai wani layi da ke zuwa a ciki tun daga farko, makestep 1.0 3, wanda ma'anarsa ita ce: a gyare-gyare uku na farko bayan tashi, idan kuskure ya fi sakan ɗaya, a yi tsalle. Layi ne mai kyau ga na'urar da ke tashi daga kashewa, kafin sauran ayyuka su fara. Ga sabar da ke tsakiyar aiki kuwa, shi ne ainihin abin da nake gudu. Na kashe layin, na buɗe ƙofar 123, na kunna ta, na riƙa buga chronyc tracking, umarnin da ake tambayar ta halin da take ciki, ina kallon layin da ke faɗin nisan agogon da gaskiya. 98 ta koma 90, ta koma 71, ta koma 40. Kafin rabin sa'a abin ya sauko ƙasa da sakan ɗaya, abokin aikina ya shiga, rumbun bayanan bai ma san an yi wani abu ba. Daga baya na mayar da layin wurinsa.

Tun daga nan na mayar da sauran goman kanta, kuma yanzu shekara guda ke nan.

Yaren da take magana da shi ba nata ba ne. NTP ne, tsarin da David Mills na Jami'ar Delaware a Amurka ya ƙirƙiro, wanda aka fara rubuta ƙa'idarsa a 1985, kuma siga ta huɗu da ake amfani da ita yanzu ta fito a 2010. Mills ya rasu a Janairun 2024 bayan ya shafe mafi yawan rayuwarsa a kan wannan aiki guda. Dabarar a taƙaice: sabarka ta aika tambaya ta rubuta lokacin da ta aika, wadda aka tambaya ta rubuta lokacin da ta karɓa da lokacin da ta mayar, taka ta rubuta lokacin da amsar ta iso. Daga lokuta huɗun nan ake fitar da tsawon tafiyar da kuma bambancin agogon biyu. Lagon abin shi ne ana ɗauka zuwa da dawowa tsawonsu ɗaya ne. Idan hanyar zuwa ta fi ta dawowa cunkoso, rabin bambancin zai shige cikin lissafi a matsayin kuskure, kuma ba manhajar da za ta iya ganinsa daga inda take zaune. Shi ya sa tushen lokaci na kusa ya fi na nesa, ko da na nesan ya fi suna.

Akwai kuma matakai. Agogon atam da na'urar da ke karɓar lokaci daga taurarin GPS su ne tushe, ana kiransu mataki na sifili. Sabar da ke haɗe da su kai-tsaye mataki na ɗaya ce, wadda ke tambayarta ta biyu, haka har zuwa 15. Na ɗauki watanni ina ɗokin samun mataki na ɗaya kafin in gane cewa lambar isnadi kawai take faɗi, ba inganci ba. Sabar mataki na uku da ke kusa da kai, a kan hanya mara cunkoso, tana iya fin ta mataki na ɗaya da ke wata nahiya.

Abin da ya fi burge ni a chrony shi ne yadda take koyon halin agogo. Ba gyara kuskure kaɗai take yi ba, tana lura da yadda kuskuren ke taruwa, ta gano cewa wannan dutsen yana gudu da kashi kaza, sai ta rage masa daidai wannan tun kafin ya yi nisa, ta kuma rubuta adadin a wani ɗan fayil don kada ta manta idan an kashe na'ura. ntpd ma tana yin haka, amma chrony ta fi ta saurin kamawa nesa ba kusa ba, kuma ba ta ruɗewa idan hanya ta yanke ta dawo. Wannan gado ne daga asalinta: Richard Curnow ya fara rubuta ta ne a ƙarshen shekarun 1990 saboda kwamfutocin da ke hawa intanet ta layin tarho, su yi 'yan mintuna su sauka. Yanzu Miroslav Lichvar na kamfanin Red Hat ke riƙe da ita, kuma Red Hat ɗin ta mai da ita zaɓin farko a Linux ɗinta, RHEL 7, a 2014, sannan ta cire ntpd gaba ɗaya a RHEL 8 a 2019.

Ban yarda da wannan a baki ba, na gwada. Na ɗauki sabar nan mai gudun sakan biyu a rana, bayan ta yi wata guda da chrony, na sake rufe mata ƙofar 123 da gangan na tsawon kwana biyu. Da a da ne, da ta yi gaba da sakan huɗu. Da na buɗe, kuskuren bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba. Abin da ya rage ɗin ma daga canjin zafin ɗakin yake, don idan ka bi adadin gudun na 'yan kwanaki za ka ga yana ɗan hawa da rana yana sauka da dare. Na taɓa gane cewa na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya ta hanyar kallon wannan adadin kawai, kafin kowa ya shiga ɗakin.

Saitin da nake amfani da shi bai kai layi goma ba. Layi ɗaya na faɗin inda za a tambayo lokaci, da kalmar iburst a ƙarshensa don ta jero tambayoyi da sauri a farkon tashi maimakon ta jira. Layi ɗaya na fayil ɗin da take ajiye halin agogo. Layin makestep da na ambata. Sai rtcsync, wanda ke sa Linux ta riƙa kwafe lokacin da aka gyara zuwa ƙaramin agogon nan mai batir da ke kan allon na'ura duk minti 11, don idan wuta ta ɗauke a tashi da lokaci mai ma'ana. Bayan ta daidaita, tana tambaya ne tsakanin duk sakan 64 zuwa duk sakan 1,024, tana nisanta tambayar idan ta ga agogon ya natsu. Ba za ka ji nauyinta a kan na'ura ko a kan hanyar sadarwa ba.

Batun wa za a tambaya ya fi batun manhajar kanta muhimmanci, kuma a nan ne na ga mutane da yawa suna tuntuɓe. Tushe ɗaya ba shi da mai ƙaryata shi. Tushe biyu idan suka saɓa, chrony na zama kamar alƙalin da ke da shaidu biyu masu musun juna, ba shi da na ukun da zai raba gardama. Da uku ana iya ware maƙaryaci, da huɗu kuma ko ɗaya ya ɓace ana da sauran uku. Idan ka buga chronyc sources za ka ga hukuncinta a farkon kowane layi: tauraro ga wanda ta zaɓa, alamar tarawa ga waɗanda take haɗawa da shi, alamar tambaya ga wanda ba ta samu ba, harafin x kuma ga wanda ta yanke cewa ƙarya yake yi. Sau biyu a shekarar nan na ga x ɗin, kuma duka biyun ba sai da na yi komai ba.

Ni daga pool.ntp.org nake ɗauka, wato tarin sabobin 'yan sa-kai da aka fara a 2003, wanda Ask Bjørn Hansen ke jagoranta tun 2005. Dubban mutane da jami'o'i da kamfanoni ne ke ba da agogonsu kyauta, akwai kuma tsarin da ke sa musu ido yana cire wanda ya karkace. Idan ka rubuta kalmar pool a saitin maimakon server, chrony na ɗaukar huɗu daga cikinsu, ta kuma musanya wanda ya daina amsawa. Ingancinsu ba ɗaya ba ne, wani lokacin a ba ka wanda ke nesa ƙwarai, amma ga aikin yau da kullum ina samun agogona cikin 'yan milisakan na gaskiya, kuma hakan ya ishe ni. Abin da na canza daga baya shi ne na daina barin duka goma sha ɗayan suna fita waje. Uku daga cikin na ƙarfe ne ke tambayar waje, sauran su tambayi ukun nan. Dalili biyu: ladabi ga masu ba da abinsu kyauta, da kuma cewa a aikina daidaituwar sabobin da junansu ta fi daidaituwarsu da duniya amfani. Ranar da kake bin sawun wata matsala a kundin ayyuka na na'urori uku, ka ga amsa ta riga tambaya zuwa, ranar za ka san darajar wannan. Maganar ladabi kuma ba wasa ba ce: a 2003 wasu na'urorin Netgear da aka ɗinke wa adireshin sabar lokaci ta Jami'ar Wisconsin suka yi mata ambaliyar tambayoyi, abin da ya zama darasi ga duk mai harkar nan.

Wani tarko da na kusa faɗawa shi ne haɗa tushe masu aƙida daban. Juyawar duniya ba ta tafiya daidai da agogon atam, don haka tun 1972 ake ƙara sakan ɗaya jefi-jefi, an yi haka sau 27, na ƙarshe a daren 31 ga Disamba 2016. Minti mai sakan 61 ya sha rikita manhajoji, na tsakiyar 2012 ya durƙusar da sabobin Linux da dama. Google ta zaɓi wata hanya: maimakon ƙara sakan ɗin lokaci guda, sai ta shafa shi a hankali cikin sa'o'i 24, Amazon ma haka take yi a nata agogon. Hanyar ba ta da laifi, amma a ranar da abin ya zo, agogon masu shafawa zai saɓa da na sauran har da kusan rabin sakan. Na taɓa ƙara adireshin Google a gefen na 'yan sa-kai don ina ganin yawan shaidu alheri ne. Da na fahimci wannan na cire. Ka zaɓi ɓangare ɗaya ka tsaya a kai. An dai yanke shawara a babban taron ma'aunai na duniya a Nuwamba 2022 cewa za a daina wannan ƙari nan da 2035.

To, ga inda take ba ni haushi.

Na farko, kuma mafi girma, shirunta. Irin abin da ya same ni da ntpd zai iya samuna da chrony ba tare da wani bambanci ba. Ka rufe mata ƙofa, za ta ci gaba da zama a kunne, koren rubutun nan yana nan, ba ƙararrawa, ba saƙo. Gwanintarta wajen riƙe agogo ma tana ƙara ɓoye matsalar, don maimakon ka gane cikin makonni bakwai, kana iya yin watanni. Sai ka tambaye ta take faɗi. Kuma idan ka tambaya, amsar kamar an rubuta ta ne don wanda ya riga ya sani. Akwai wani shafi a jerin tushen mai suna Reach, lambar lafiya a cikinsa ita ce 377. Me ya sa 377? Saboda ƙidaya ce mai amfani da alƙaluma takwas kawai, 0 zuwa 7, kuma 377 na nufin tambayoyi takwas na ƙarshe duk sun samu amsa. 376 na nufin ta ƙarshe ta ɓace, 177 na nufin ta takwas a baya ce ta ɓace, sifili kuma ba wanda ya amsa. Abokin aikina ya ga 377 a karon farko ya ɗauka kuskure 377 aka samu, ya zo hankali tashe. Ban yi masa dariya ba, don ni ma sai da na nemo ma'anarta. Gado ne daga ntpd, na sani, amma gadon da ya kamata a ce an sauƙaƙa.

Na biyu ba laifinta ba ne kai-tsaye, sai dai ba ta taimaka wajen gano shi ba. A ɗaya daga cikin ƙirƙirarrun sabobin, na ga agogo yana ta ɗan tsalle, adadin gudun yana hawa yana sauka ba kan gado. Na yi kwana uku ina zargin hanyar sadarwa. Ashe babbar na'urar da ke ɗauke da ita tana da nata ɗan aiken da ke tura mata lokaci lokaci-lokaci, chrony ta gyara, shi ya mayar, ta sake gyarawa. Direba biyu a mota ɗaya. Da na kashe na babbar na'urar komai ya lafa. Haka abin yake idan systemd-timesyncd, wata ƙaramar manhajar daidaita agogo, na kunne a gefe, ko wani tsohon aikin da aka tsara yana buga ntpdate, umarnin saita agogo lokaci guda, duk sa'a aka manta da shi. Manhajojin da ke cikin kwantena kuwa, wato keɓaɓɓun ɗakunan da ake gudanar da manhaja a cikin na'ura ɗaya, ba su da agogon kansu, na uwar na'urar suke gani, don haka saka chrony a cikinsu wahalar banza ce.

Na uku, littafin bayaninta cikakke ne amma busasshe. Kowane layin saiti an yi masa bayani dalla-dalla, sai dai ba ya gaya maka waɗanne biyar ne naka cikin fiye da ɗari.

Ta fuskar tsaro kuwa ba ni da ƙorafi. Idan ka saka ta, ba ta amsa tambayar kowa daga waje sai ka rubuta layin allow da hannunka, ka faɗi su wa ka yarje wa. Wanda ya ga abin da ya faru a ƙarshen 2013 da farkon 2014 zai yaba da wannan, lokacin da maharan intanet suka yi amfani da wani umarnin ntpd mai suna monlist, wanda 'yar ƙaramar tambaya ke sa ya mayar da jerin adireshi har 600, suka riƙa karkatar da amsoshin kan waɗanda suke son durƙusarwa. Sannan tun siga ta 4.0 a 2020 tana da NTS, hanyar da ke tabbatar da cewa amsar daga wanda ka tambaya ta fito kuma ba a taɓa ta a hanya ba. NTP na asali ba shi da wannan, duk wanda ya iya tsayawa tsakaninka da tushen yana iya gaya maka lokacin ƙarya, wanda kuma ya iya juya agogonka yana iya sa ka karɓi takardar shaidar sabar, wadda ke tabbatar da ko ita wace ce, alhali ta daɗe da ƙarewa. Kunna shi kalma ɗaya ce, nts, a ƙarshen layin tushen, sai buɗe ƙofa ta 4460 ta TCP. Cloudflare da Netnod ta ƙasar Suwidin suna bayarwa kyauta. Akwai wani ɗan zagaye mai ban dariya a ciki: NTS na buƙatar duba takardar shaida, duba takardar shaida kuma na buƙatar agogo mai gaskiya. Ƙaramar na'urar da ba ta da agogon batir, wadda ke iya tashi tana ganin 1970 ake ciki, za ta ƙi takardar, ta kuma kasa samun lokacin da zai sa ta karɓa. Akwai layin nocerttimecheck saboda wannan, na yi amfani da shi sau ɗaya a kan wani ɗan allo na gwaji.

Ba kowa ke buƙatarta ba. Kwamfutar tebur da ba ta yi wa kowa hidima, systemd-timesyncd ta ishe ta, duk da cewa tushe ɗaya take saurare a lokaci guda kuma ba ta da hanyar gane maƙaryaci. Mai Windows ba shi da rabo, don chrony ba ta gudana a kai. Wanda ke da tsohuwar na'urar karɓar lokaci ta musamman yana iya tarar da ntpd ta san ta kai-tsaye, ita kuwa chrony sai ta biyo ta wata manhajar kamar gpsd. Amma sabar Linux da ke riƙe da rumbun bayanai, ko shigar ma'aikata ta manhajar tantancewa ta Kerberos wadda ke korar duk wanda agogonsa ya kauce da fiye da minti biyar, ko duk wani abu da jerin faruwarsa ke da muhimmanci, ban ga dalilin da zai sa in saka mata wata ba.

Shirun nata kuma na yi masa magani da kaina. Na rubuta wani ɗan aiki mai layi shida da ke tashi duk minti goma a kan kowace sabar, ya tambayi chronyc tracking, ya duba abu uku: ko layin ƙarshe na cewa Normal, ko kuskuren ya wuce milisakan 100, da ko an yi fiye da sa'a ɗaya ba a ji daga wani tushe ba. Idan ɗaya ya karkace, saƙo ya zo wayata. A cikin shekarar sau ɗaya ya zo, da ƙarfe biyu da kwata na dare. Abokin aikina ne ya gyara katangar tsaro cikin daren, ya rufe ƙofofin da bai ga amfaninsu ba, har da ta 123.